Shaidar Zur A Kasuwar Intanet: Jan Kunne Ga Masu Shafuka

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata tambaya da wani tsohon ɗalibina ya zo mini da ita har ofis. Wannan bawan Allah ya shafe shekaru yana gudanar da wani ɗan shafin labarai na Hausa a intanet, da guminsa da kuɗin aljihunsa. Kwatsam sai ga saƙo daga wani dillali da bai taɓa gani ba, yana yi masa tayin daloli, ba don komai ba sai don ya koma cikin wani tsohon labarinsa ya cusa 'yan kalmomi uku, waɗanda in an latsa su za su kai mutum shafin wani kamfanin sayar da kaya. Sharaɗin dillalin guda ne: kada a nuna cewa talla ce. Ya ce da ni, "Malam, da shafin caca ne da ban ma tsaya shawara ba. To amma wannan halastaccen ciniki suke yi, shafin kuma nawa ne. Ina laifin?" Na ga ya dace in kawo amsar a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai irin wannan saƙo ya iske ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da dillalin nan yake saye. Waɗannan kalmomi da ake latsawa su kai mutum wani shafi su ne muke kira mahaɗai. A shekarar 1998 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfanin Google bisa wata dabara da suka raɗa wa suna PageRank. Dabarar kuwa daga al'adar malaman jami'a aka aro ta. Mu a wajenmu, ana gane darajar maƙala ne daga yawan manazartan da suka kafa hujja da ita da kuma nauyinsu. Haka Google ya ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaida: in shafinka ya yi nuni zuwa nawa, tamkar ka tsaya mini ne, kuma gwargwadon mutuncinka, gwargwadon nauyin shaidarka. Shafin da ya tara shaidu masu nauyi shi ke fitowa a sahun gaba idan aka yi bincike. Ke nan dillalin bai damu da ko wani zai latsa kalmomin ba. Mutuncin da ɗalibina ya tara a shekaru shi yake so a auna masa a mudu.

Bari mu fara da haɗarin abin, tun da shi ne ya fi saurin shiga kunne. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗai da aka dasa a shafuka marasa alaƙa da harkar suka ɗaga kantin J.C. Penney na Amurka zuwa matsayi na ɗaya a binciken kayayyaki iri-iri. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa wannan aiki, amma hakan bai hana hukunci ba. Cikin sa'o'i biyu ya faɗo daga na ɗaya zuwa na 68 a binciken kujerun falo. A cikin watan dai, kamfanin Overstock ya gamu da irin wannan hukunci, saboda rangwamen da ya riƙa yi wa ɗalibai da malamai domin shafukan jami'o'i su yi nuni zuwa gare shi. Wannan kam ishara ce gare mu ma'aikatan jami'a.

Haka kuma a watan Fabrairun 2013 kamfanin sayar da furanni na Interflora ya ɓace daga sakamakon bincike a Birtaniya na kimanin kwana 11, ta yadda ko sunansa ka rubuta ba ka ganin shafinsa a sama. Dalili shi ne tallace-tallacen da ya saya a jaridu masu kama da labari, ɗauke da mahaɗai. Abin lura a nan shi ne ba mai saye kaɗai ya ji a jikinsa ba, jaridun da suka sayar su ma an rage musu daraja. Kai, shi kansa Google a watan Janairun 2012 ya dakushe shafin manhajarsa ta Chrome na kwana 60, bayan an gano cewa wani kamfen da aka yi da sunansa ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Daga nan ya fito da tsarin Penguin a watan Afrilun 2012, sannan a watan Disambar 2022 ya sanar da cewa na'urarsa ta SpamBrain tana farautar masu saye da masu sayarwa baki ɗaya. To idan manyan kamfanoni masu lauyoyi da ƙwararru sun sha da ƙyar, ina ga mai ƙaramin shafi wanda abincinsa ya dogara ga baƙin da bincike ke turo masa?

Wani hanzari ba gudu ba. Akwai masu cewa, shin wa ya naɗa Google alƙali? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ƙa'idojin Google ba dokar wata ƙasa ba ne, sharuɗɗan ɗan kasuwa ne, wanda shi ma da talla yake cin abinci. Tun a 2003 wani kamfani mai suna SearchKing ya sha kaye a wata kotu a jihar Oklahoma, inda ta yanke cewa darajar da Google ke bai wa shafuka ra'ayinsa ne, yana da 'yancin bayyana shi. A watan Agustan 2024 kuma alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Washington ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ta haramtacciyar hanya. A shari'ar ne aka ji cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 domin ya zama shi ne injin binciken da mutum zai tarar a wayarsa da kwamfutarsa. Saboda haka ni ba na cikin masu ɗaukar Google a matsayin limamin ɗa'a.

Amma laifin wani ba ya wanke na wani. Da a ce babu Google a duniya, da tambayar ɗalibina tana nan daram, domin haƙƙin da ake tauyewa na mai karatu ne. Mu dubi al'adarmu. Maroƙi yakan tsaya a bainar jama'a ya wasa mutum, a yi masa kyauta kowa na gani, kuma ba wanda ke kiransa maƙaryaci, saboda duk mai sauraro ya san matsayin maganarsa. Amma a ce shaida ya tsaya gaban alƙali ya faɗi irin waɗannan kalmomi alhali an cika masa aljihu a ɓoye, sunan wannan shaidar zur. Kalmomin ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne matsayin da mai magana ya ɗora kansa a kai. Mu ɗaliban harshe mun daɗe da sanin cewa ma'ana ba a cikin lafazi kaɗai take ba, tana tattare da wanda ya faɗa, da inda ya faɗa, da abin da mai sauraro ya ɗauka game da shi. Shi ya sa malaman hadisi ba su tsaya ga matani kawai ba, sai da suka bi diddigin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya. Mahaɗin da aka saya aka ɓoye cinikinsa maroƙi ne sanye da rigar shaida.

Wannan al'amari ya fi yi mana illa mu masu karatu da Hausa. Rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Turanci, don haka 'yan mahaɗai kaɗan na iya sauya abin da zai fito wa uwar da ke neman bayani kan zazzaɓin ɗanta, ko matashin da ke neman inda zai sa jarinsa. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ɗebo amsoshinsu daga wannan rijiya. Wanda ya zuba ƙazanta a ƙaramar rijiya, ai unguwa duka ya cuta.

To mene ne mafita? Ba cewa nake yi talla haramun ce ba. Jaridar da ke hannunka, ya mai karatu, da talla take rayuwa, kuma masu shafukanmu na da iyali da buƙatu. Hanya a buɗe take. Tun a 2005 aka samar da wata alama da mai shafi zai liƙa wa mahaɗi, mai ma'anar "kada a lissafa wannan a matsayin shaidata", a 2019 kuma aka ƙaro wata ta musamman domin mahaɗan da aka biya kuɗi a kansu. Sai mai shafi ya sa wannan alama domin na'ura, ya kuma rubuta "talla" ɓaro-ɓaro domin ɗan Adam. Wannan shi ne ma'aunin da na bai wa ɗalibina: ka gaya wa dillalin za ka karɓa bisa waɗannan sharuɗɗa biyu. In ya yarda, talla yake so, ka ci halaliyarka. In ya noƙe, to ka san abin da ya zo saye.

Ina kira ga editocin jaridunmu da su riƙa bincikar abin da ake dasawa a tsofaffin labaransu, domin sau tari irin wannan ciniki a bayan idon edita ake ƙulla shi. Haka su ma hukumomin jami'o'i su sa ido a kan shafukansu da na mujallunsu. 'Yan kasuwarmu kuma da ke ɗaukar masu tallata musu shafi, su riƙa tambayar ta wace hanya za a ɗaga su, tun da ranar da asiri ya tonu sunansu ne zai ɓaci, dillali kuwa ya daɗe da ƙara gaba.

Bayan mako guda ɗalibin nawa ya bugo mini waya. Ya aika wa dillalin sharuɗɗan nan biyu, kuma har yau bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ya yi asarar daloli, amma shafinsa na nan, sunansa na nan. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kuma wadata mu da halal.