Haruffa Uku A Kan Takarda: Nasiha Ga Fatake Da Malamai

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa bayinSa tudu da teku domin neman halaliya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka shaide shi da amana a fatauci tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wanda ya zauna a bakin babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, zai ga motoci iri biyu. Masu gangarawa kudu suna ɗauke da albasa da fatu da bisashe. Masu hawowa arewa suna ɗauke da injin ban ruwa, da farantan wutar rana, da kayan gyaran babur, waɗanda galibinsu sun yi makonni a kan teku kafin su sauka Ikko. Yau saurayin da ya sauke Alƙur'ani a Mandera yana iya sayen kaya daga ƙasar Sin da wayar da ke aljihunsa, alhali bai taɓa ganin teku ba. Ciniki ya sauƙaƙa, amma sanin sharuɗɗansa bai sauƙaƙa ba, a nan kuwa dukiya ta ke salwanta, zumunci ya ɓaci.

Ga surar mas'alar. 'Yan kasuwa huɗu sun haɗa kuɗi, sun ba ɗayansu ya sayo injin ban ruwa cikin kwantena guda. Kaya suka iso, aka buɗe, aka tarar ruwa ya shiga ya ɓata sashinsu. Mai sayarwa ya ce ba ruwansa, a duba takarda. Aka duba, sai ga haruffa uku na boko kusa da farashi, ba wanda ya tambayi ma'anarsu ran da aka biya. Sai rigima ta dawo zauren malam: wa zai ɗauki hasarar? In malam bai san abin da haruffan nan su ke nufi ba, da me zai raba gardama?

Fataken dā ba su yi wannan sakaci ba. Madugun da ke kai ayari Gwanja neman goro ya san kuɗin fiton kowane mashigi, ya san abin da kowane sarki ya ke karɓa, ya san la'adar dillali da haƙƙin mai masauki. Da irin wannan sani jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har ta kai Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kaya suka juya suka bi ta Ikko, kalmomin ciniki kuma suka sake. A 1956 wani Ba'amurke mai suna Malkam Makilin ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgi guda, daga nan kwantena ta soma. Jikan madugu bai kamata ya fi kakansa jahilcin hanya ba.

To, haruffan nan uku suna cikin ƙa'idodin da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya, mai mazauni a Paris, ta tsara, waɗanda a ke kira Inkotam. An fara fito da su a 1936, na baya-bayan nan kuwa na 2020 ne, sharuɗɗa 11 ke cikinsa. Kowanensu yana amsa tambaya biyu: wa zai biya kuɗin dako, kuma a wane wuri lamuni, watau ɗaukar hasara, ya ke tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye. Guda biyar sun isa a sani tukuna.

Na farko EXW: mai saye ya karɓi kayansa a ƙofar masana'anta, duk abin da ya biyo baya nasa ne. Na biyu FOB: mai sayarwa zai kai kaya ya ɗora su a cikin jirgi a tashar ƙasarsa, da sun hau jirgi ya fita, kuɗin jirgi da hasarar teku na mai saye ne. Na uku CFR: mai sayarwa ya biya kuɗin jirgi har Ikko. Na huɗu CIF: ya biya kuɗin jirgi, ya ƙara da inshora. Na biyar DDP: ya kawo kaya har inda aka ambata, ya biya kuɗin kwastan.

Amma fa a nan ramin ya ke. Mutane da yawa suna zaton tun da mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgi a CFR da CIF, to kaya suna wuyansa har su sauka. Ba haka ba ne. A dukkan FOB da CFR da CIF, lamuni yana komawa kan mai saye tun sa'ad da kaya suka hau jirgi a can ƙasar da aka loda su. Biyan kuɗin dako dabam, ɗaukar hasara dabam. Saboda haka in takardar mutanen nan huɗu ta ce FOB ko CFR, kuma ruwan a teku ya shiga, ba daga mugun ɗauri ba, ba su da abin da za su bi mai sayarwa, sai dai su nemi kamfanin jirgi ko na inshora, in sun yi ta.

Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sun ce irin wannan kaya, in ba gida ko gona ba ne, yana cikin lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in an gindaya sharaɗin saɓanin haka. To, haruffan nan uku su ne sharaɗin. Wanda ya sa hannu a kansu ya yarda da ɗaukar abin da asalin hukunci bai ɗora masa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Har wa yau sun halatta sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa barnamaji, watau takardar da ta ƙididdige abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Imamu Malik ya yi maganarsa a Muwaɗɗa. Wannan ita ce takardar ƙididdigar kaya da ke biyo kwantena a yau. In an kwance an tarar kaya sun saɓa wa siffa, mai saye yana da haƙƙin mayarwa, amma da me zai kafa hujja in siffar ba a rubuce ta ke ba?

Sai takardar lodi, wadda kamfanin jirgi ya ke bayarwa. Aikinta uku ne: shaidar cewa an karɓi kaya, shaidar yarjejeniyar dako, kuma ita ce mabuɗin kayan, gama wanda sunansa ke kanta, ko wanda aka mayar wa ita, shi a ke ba kaya a tasha. In mutum huɗu sun haɗa kuɗi, sunan ɗaya kaɗai ke kan takarda, to tasha shi kaɗai ta sani. In ya rasu kaya suna teku, sauran ukun za su tsaya gaban magada da baki kawai. Ba a banza ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu ba. Kuma a kula: masu sayar da kaya tun suna kan ruwa, da takarda kurum, su sani a mazhabar Malik abincin da aka saya da awo ko mudu ba ya halatta a sayar da shi sai an karɓe shi. Hukuncin dabino da alkama ba ɗaya ya ke da na injin ban ruwa ba.

Game da biya kuwa, akwai sura biyu da a ke cakuɗawa. In kaya ayyanannu ne, suna nesa, Malikiyya sun hana a sharɗanta biyan kuɗinsu tun ba su iso ba, domin kuɗin yana iya zama farashi, yana iya zama rance. In kuwa kaya ne da aka siffanta a wuyan mai sayarwa, da adadi sananne da ajali sananne, wannan shi ne salam, a cikinsa gaggauta biya a ke nema. Bankuna sun fito da wasiƙar lamuni domin tsare ɓangarori biyu: banki ya yi alkawarin biyan mai sayarwa in ya kawo takardun da aka ambata daidai. Amma banki takarda ya ke dubawa, ba ya buɗe kwantena. In takardu sun cika, zai biya ko da kayan jabu ne. Don haka mai hankali ya kan sa wakili amintacce ya duba kaya kafin a rufe. Mai gudun riba kuma yana da mafita, gama bankin Ja'iz ya fara aiki tun 2012, waɗansu kuma sun biyo bayansa, kamar yadda hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idodin takaful a 2013 domin masu ƙyamar inshorar da aka saba.

Bayan teku sai hukuma. Mai shigo da kaya yana buɗe takardar Fom M ta hannun bankinsa, bisa takardar tayin da mai sayarwa ya aiko, kafin a loda kaya. Tun 2013 kwastan ke fitar da takardar ƙiyasi da a ke kira PAAR. Kuɗin fito kuwa ba a kan farashin kaya kaɗai a ke lissafa shi ba, a kan haɗa da kuɗin jirgi da na inshora, kuma da canjin ranar, abin da ya ƙona hannun mutane da yawa bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Sa'an nan ga dimarej, watau tarar jinkiri. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, in sun wuce kowace safiya da kuɗinta, tasha kuma tana karɓar hayar wurin da kwantena ta zauna, har sai an mayar da ita wofi. Daga Apapa zuwa Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne, zuwa da komowa duk cikin lissafi su ke. Wanda ya ƙidaya ribarsa daga farashin masana'anta ya yi wa kansa ƙarya.

Kada mai albasa ya ce wannan zancen masu kwantena ne. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. A Agustan 2023 aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin can, sai a Maris 2024 aka buɗe. Albasa ba ta jiran sulhun gwamnatoci. Motar da ta tsaya a bakin iyaka har kaya suka ruɓe, hasarar ta wa ce, ta mai aikawa, ko ta mai jira a Kumasi, ko ta mai mota? In an ambaci wurin miƙa kaya tun ranar ciniki, amsa a fili ta ke. In ba a ambata ba, sai rantse-rantse.

Wani zai ce waɗannan ƙa'idodin Nasara ne, Musulmi amana ta ishe shi. Jawabi shi ne, sharaɗin da bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, cika shi wajibi ne ko wa ya tsara lafazinsa, kuma al'adar 'yan kasuwa abin lura ce wajen hukunci. Amana kuwa ba ta hana mantuwa, ba ta hana mutuwa. Wani kuma zai ce ai ejan yana nan, shi ya san takardu. Lalle ejan yana da amfani, amma wakili ne, aikinsa yana hawa kan wanda ya wakilta shi. In ya rage ƙimar kaya a takarda, ko ya sake musu suna don a rage fito, kayan mai kaya za a kama, ƙaryar kuma da yardarsa aka yi ta.

Kowane almajirin da ya karanta Ahalari ya san ba ya halatta mutum ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. An ruwaito kuma Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwa. Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi yana Bodinga yana wallafa, ba ta dace da a tsaya a babin tsarki da salla, a tsallake babin ciniki ba.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne: malamai su zauna da 'yan kasuwar da suka san teku, su ji surar kowane sharaɗi, gama hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. 'Yan kasuwa kuma su kawo takardunsu zaure kafin su biya, ba bayan sun yi hasara ba. Duk masu haɗa kuɗi su rubuta rabon kowa, da sunan da zai hau takardar lodi, da wanda zai ɗauki dimarej in an makara, da shaidu biyu, ko da ajami ne. A ambaci siffar kaya, da adadi, da sharaɗin nan mai haruffa uku tare da sunan tashar da ya rataya a kanta. Wanda bai gane kalma ba ya tambaya, tambaya ba ta rage girman alhaji, amma tara tana rage jarinsa.

Allah Ya sa albarka a fataucin Musulmi, Ya tsare dukiyarsu a tudu da teku, Ya raba su da haram da jayayya. Allah ne Mafi sani.