Gishiri a Akwatin Kifi: A Zuba ko a Bari?

Daga Domayo ta Marwa har Garwa, ana samun masu ajiye kifi iri-iri a akwatin gilashi don ado. To, ga shawara tana yawo wai a riƙa barbaɗa gishiri a kai a kai don kifin ya yi lafiya. Ni dai ban goyi baya ba.

Ku dubi inda kifin ya fito. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, amma na Binuwai da tafkin Lagdo da na Maga bai kai giram 1 ba. Karfasa tana jurewa, ba musu. Kurungu kuwa, wanda ba shi da ɓawo a jiki, da ciyayin cikin akwatin, su ke shan wuya. Sannan gishiri ba ya bin tururi. A zafin Maris da Afrilu ruwa ya ragu, a cika, a sake barbaɗawa. Kafin ka ankara ya zama romo.

Gishiri magani ne, yana da lokacinsa. In kifi ya ji rauni ko fumfuna ta fito masa, a ware shi a bokiti, a narkar da giram 1 zuwa 3 a lita, 'yan kwanaki kawai. Sauran, a canja musu rubu'in ruwa duk mako.

Kanwa kuma kada ma a kusanto da ita, don tana ƙara wa kashin kifi dafi a cikin ruwa.