Ciwon Sitiyari da Kukan Masu Tsofaffin Motoci a Ƙasar Zuru

Duk wanda ya saba shiga mota daga Zuru zuwa Koko ta Mahuta, ko zuwa Kwantagora ta Rijau, ko kuwa zuwa Riba da Wasagu, ya san irin motocin da ke ɗaukar jama'a a waɗannan hanyoyi. Galibinsu tsofaffi ne, waɗansu ma sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Golf ɗin nan ta uku, wadda ta cika tasoshinmu, a 1991 aka fara ƙera irinta a Jamus, watau shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Tsufa ba laifi ba ne ga mota in ana kula da ita. Amma akwai wuri guda inda tsufa ke ɓoye mugunta, shi ne sitiyari. Inji in ya mutu, mota tsayawa ta ke yi, a sauka a tura. Birki in ya yi sanyi, gwanin direba ya kan rage gudu da giya. Sitiyari kuwa in ya ƙwace, ba sauran dabara sai salati.

Maganar nan ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Tun ran 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta yi wuya. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, a watan da ya biyo kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Malamin makaranta ko akawun da a dā ya ke shirin sake mota bayan shekara biyar, yanzu addu'arsa ita ce ta hannunsa ta daɗe. Saboda haka motocin da ke kan hanyoyinmu za su ƙara tsufa, ciwon sitiyari kuwa zai ƙara yawa.

Inda Ciwon Ya Ke

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin ke aiki, domin ya gane kukansa in ya ji. Sitiyarin da direba ke riƙe da shi yana haɗe da wata sanda da ta gangara ƙasa. A ƙarshen sandar akwai ɗan ƙarfe mai haƙora, shi ke tura wani dogon ƙarfe da ke kwance, wanda makanikai ke kira rak. Daga kowane gefen rak akwai hannu da ya tafi ga taya, shi ne tayarod. Ita tayar kuma tana juyawa bisa wata gaɓa mai kan ƙwallo, wadda a ke kira boljoyin. Kowace gaɓa an cika ta da giris, an rufe da roba.

To, robar nan ita ce farkon ɓarna. Zafin rana ya kan busar da ita ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, giris ya fita, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Ƙasar Zuru kuwa ƙasar duwatsu ce da gangara da kwana, ga shi shekaru da dama jama'a sun sha kuka da ramukan hanyar Koko zuwa Dabai. Kowane rami da taya ta faɗa, gaɓoɓin nan ke shan dukansa. A ƙara da lodi: motar da aka ƙera don mutum biyar, ranar kasuwa sai ka gan ta da mutum tara da buhunan dawa. Ranar da boljoyin ya gaji ya fice, taya sai ta kwanta, mota ta durƙusa da gudunta.

Motocin da ke da famfon sitiyari suna da nasu ciwon. Tiyo ya kan huje mai ya tsiyaye, ko bel ya tsinke, sai sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya ana tsakiyar kwana. Waɗanda suka biyo baya, masu aiki da lantarki, in batir ya yi rauni ko na'urar ta ƙone, haka nan su ke yi.

Amma da wuya sitiyari ya ci amana bai yi gargaɗi ba. In direba na murɗa shi kaɗan tayoyi ba su motsa ba, ko ana jin ƙwanƙwasa a ƙafar gaba in an hau gargada, ko mota na ja gefe guda, ko taya na cinyewa ta baki ɗaya, ko famfo na kuka in an sha kwana, duk sanarwa ce. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Sitiyarin da Aka Juya

Akwai wani ciwon da mu muka jawo wa kanmu. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila, ta koma hannun dama. Tun daga nan motar da ta dace da hanyoyinmu ita ce mai sitiyari a hagu, dokar hanya kuma ta hana mai sitiyari a dama. Amma motocin Ingila da Japan, masu sitiyari a dama, sun fi araha, sai 'yan kasuwa suka shiga sayo su ana juya musu sitiyari kafin a sayar.

Juyin nan aiki ne babba. Sai an sake rak, an ƙaurar da birki da totur, an huda jikin mota, an sake wayoyi. In an yi shi da kayan asali a hannun wanda ya san aikin, ana iya dacewa. In kuwa an yanke ƙarfe an haɗa da walda don a rage kuɗi, to, ran mutane yana rataye ga walda wadda ba wanda ya gwada ƙarfinta. Mai saye a Zuru, wanda motar ta iso masa ta hannu na uku ko na huɗu, sau da yawa bai ma san an juya ta ba. Araha dai ba ta ado.

Yadda Kuka Ke Aiki a Amurka

Kada a ɗauka kowane ciwon sitiyari laifin hanya ne ko na direba. Wani tun daga ma'aikata a ke fito da shi. A nan ne ya kamata mu dubi Amurka, inda da yawa daga motocinmu suka fito. A 1966 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfani ya sanar da masu mota in an gano aibi mai haɗari. A 1970 aka kafa hukumar da ke lura da wannan, a 1974 kuma aka ƙara cewa gyaran kyauta ne. Duk mai motar da ya ga abin da bai gane ba yana iya rubuta wa hukumar. Ana ajiye takardun, ana ƙidaya su. In kuka iri ɗaya ya yi yawa a kan mota iri ɗaya, sai a buɗe bincike.

Ga misali. Kamfanin General Motors yana da wata motar ƙawa mai kujera biyu, mai gudun tsiya, sunanta Corvette. A samfurin da aka ƙera daga 1997 zuwa 2004 an sa wani makulli na lantarki da ke ƙulle sitiyari in an zare mabuɗi, don maganin ɓarayi. Sai masu motar suka fara kuka cewa wani lokaci an tā da inji amma makullin ya ƙi saki, har mota na iya motsawa alhali sitiyari na ƙulle. Kuka ya taru, hukuma ta bincika, a 2004 kamfanin ya kira motoci fiye da 120,000 a kawo su gyara.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na ƙananan motocin kamfanin, irin su Cobalt. Mabuɗin tā da inji ya kan juya da kansa ana cikin tafiya, inji ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, jakar iskar da ke kāre direba ta ƙi buɗewa. An yi shekaru ana jan ƙafa, sai a 2014 aka kira motoci kamar miliyan 2 da dubu 600. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, a 2015 kuma kamfanin ya biya tarar dala miliyan 900.

Na uku ya fi kusa da mu. A 2012 kamfanin Honda ya kira Accord mai silinda shida, ƙirar 2003 zuwa 2007, fiye da rabin miliyan, saboda tiyon man sitiyari da kan lalace ya tsiyaye, har ya iya jawo hayaƙi ko gobara. Accord ta waɗannan shekaru kuwa ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu, ma'aikata da yawa ita su ke hawa.

Inda Namu Kukan Ke Ƙarewa

To, abin lura a nan shi ne, takardar kiran gyara ana aika ta ne ga wanda sunansa ke cikin rajista a can. In motar ta riga ta hau jirgin ruwa, takardar ba ta bin ta. Watakila an gyara kafin a sayar, watakila ba a gyara ba. Wanda ya saye ta a nan ba wanda zai gaya masa.

In kuwa ciwon ya tashi, kukansa a inuwar gareji ya ke ƙarewa. Ya gaya wa makaniki, makaniki ya ce a sayo wani, a tafi kasuwa a sayo tsohon kayan Beljiyam ko sabo na jabu, a ɗaura. Bayan wata uku a sake dawowa. In an yi haɗari, sai a ce mota ce ta ƙwace wa direba, a yi jana'iza, a ce ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, amma an umurce mu mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. Wace mota ce ta ƙwace? Wace gaɓa ce ta fice? A wane shago aka sayi kayan? Ba a tambaya, balle a rubuta. Makanikai goma a Zuru suna iya sanin cewa wani irin tayarod ba ya wata biyu, amma sanin yana cikin kawunansu, ba ya isa ga hukumar da za ta hana sayar da shi.

Ba kuwa don babu hukumomi ba ne. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988. Akwai ma'aikatan duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda a ke kira V.I.O. Akwai hukumar lura da ingancin kaya, akwai kuma hukumar kāre haƙƙin mai saye, wadda aka sa hannu a sabuwar dokarta a 2019. Abin da babu shi ne hanyar da kukan mai mota na Mahuta ko Dirin Daji zai bi ya isa gare su a rubuce. Takardar shaidar lafiyar mota ma, kowa ya san sau da yawa tare da lasisi a ke karɓarta, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a buɗe littafi. Zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ba haraji ko jangali ko shari'ar da za ta wuce ba a shigar da ita littafi ba, shi ya sa har yau a ke iya komawa a bincika. Ƙungiyar direbobi da ta makanikai suna iya ajiye littafi guda a babbar tashar Zuru, da ɗaya ɗaya a Mahuta da Riba da Dirin Daji. A rubuta kwanan wata, da irin motar, da shekararta, da abin da ya lalace, da inda aka sayi kayan. Duk wata uku a miƙa wa V.I.O. da Hukumar Kiyaye Haɗurra. Littafi da alƙalami ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Na biyu, duba ya zama duba na gaskiya. Ikko da Abuja suna da wuraren gwada motoci da na'ura, amma ba sai mun jira irinsu ba. A ɗaga gaban mota da jak, a girgiza taya, a dubi robobi, a murɗa sitiyari a ji. Minti goma ya isa. Motar haya wadda ta kāsa wannan gwaji, kada a ba ta layi a tasha sai ta gyara.

Na uku, aikin masu ilmi ne. Kowace mota ta zamani tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, galibi ana ganinta a gindin gilashin gaba. In motar daga Amurka ta zo, ana iya shigar da lambar a shafin hukumar can ta intanet, a ga ko akwai kiran gyara na shekarun baya-bayan nan da ba a amsa ba. Ana kuma iya sa sunan motar da shekararta a karanta kukan da masu irinta suka yi. Direban da bai iya Turanci ba, malami ko akawun unguwarsu na iya duba masa da wayar hannu. Haka kuma mai niyyar sayen mota ya tafi da makanikin da ya amince da shi, a duba ko an juya sitiyarin, tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Na huɗu, fasinja ma yana da baki. In ka ji ƙafar mota na ƙwanƙwasa, ko ka ga direba na kokawa da sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, ka yi magana, in ya ƙi ji ka kai ƙara ofishin tasha. Kunyar magana ba ta kai zafin asibiti ba.

Gyaran hanyoyi nauyin Gwamnati ne, muna kuma roƙo a ci gaba da shi, gama kyakkyawar hanya tana ƙara wa sitiyari kwana. Amma ko an shimfiɗa kwalta daga Zuru har Birnin Kebbi, tsohuwar gaɓa sai ta gaji. Mutanen Amurka ba su fi mu jin zafin rashin ɗan'uwa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun rubuta kukansu har ya taru ya yi nauyin da kamfani ba ya iya ture shi. Mu ma in muka fara rubutawa bana, baɗi za mu san wace mota da wane kaya ke cin mutanenmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani, ya kai matafiya gida lafiya, amin.