Kafin Mu Tafa Wa Michael Scofield

Shirin Prison Break ya girme mu duka, domin a 2005 aka fara nuna shi a tashar Fox ta Amurka. Amma har yanzu yana yawo a wayoyin yayyenmu, kuma gardamarsa ta shigo ajinmu. Yawancin masu kallo sun yanke hukunci tun tuni, wai Michael Scofield gwarzo ne, ba shi da laifin komai. Mu 'yan kulob ɗin jarida ba mu yarda ba.

Ga waɗanda ba su kalla ba, ga labarin a taƙaice. An yi wa Lincoln Burrows sharrin kashe ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa, aka yanke masa hukuncin kisa. Ƙanensa Michael, wanda injiniya ne, ya sa aka zana masa taswirar gidan yarin Fox River a jikinsa. Sai ya yi fashi a banki da gangan don a kai shi can ya fitar da yayansa.

Dalilinsa mai kyau ne, ba mu musa ba. Wa zai so a kashe ɗan'uwansa a kan abin da bai aikata ba? Matsalar ita ce da zarar an ce "ai don yayansa ya yi", sai kowa ya daina lissafi.

To bari mu lissafa. Michael ne ya lalata na'urar sanyaya ɗakunan fursunoni don a kulle kowa ya samu damar aikinsa. Zafi ya yi yawa, tarzoma ta ɓarke, a ƙarshe T-Bag ya kashe wani sabon gandiroba mai suna Bob. Mutumin nan yana da 'ya. Likita Sara ta bar ƙofar ɗakin magani a buɗe saboda ta yarda da Michael, ta rasa aikinta, ta kusa rasa ranta. Shugaban gidan yarin, Henry Pope, ya riƙe shi kamar ɗa, shi ma aikinsa ya tafi. Sannan mutum 8 ne suka tsere, ba biyu ba. Cikinsu har da T-Bag, wanda yana fita ya kashe likitan dabbobin da ya ɗinke masa hannu.

Masoyan Michael suna cewa ai ba shi ya kashe su ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya buɗe wa kura ƙofa yana da rabonsa a abin da ya sami awaki. Abin mamaki ma, shi kansa Michael a cikin shirin abin yana damunsa, har ya fi damun masoyansa.

A ganinmu, kyamara ce take jan mu. Shi ake nuna mana kullum, muna ganin hawayensa, muna jin kiɗa mai ban tausayi idan ya shiga matsala. Bob kuwa an nuna shi na ɗan lokaci, aka wuce. Da a ce a gidan Bob aka fara shirin, muka ga 'yarsa tana jiran babanta ya dawo daga aiki, anya da Michael za mu tafa wa?

Wanda yake da ja ya rubuto, za mu manna amsarsa a wannan allo mako mai zuwa.