Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi

A 1972 da 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanonin baƙi. An ba da jari, amma linzami yana Turai da Amurka. A 1995 ma aka soke dokokin.

To, ga abin da ya biyo baya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007. A 2023 GSK ya ce zai naɗe tabarmarsa daga Ikko, Procter & Gamble kuwa ya ce zai daina yin kaya a Nijeriya, sai dai ya shigo da su. Ba a Ikko aka yanke shawarwarin nan ba. Manyan manajoji kan sauko daga jirgi, su kwana biyu a otel, su duba littafin riba, su juya.

Wai ƙarancin dala da rashin lantarki suka kore su. Shekarun da suna kwasar riba fa, wa ya ji kukansu? Mai gadi da direba da ɗan dako aka bari a rana.

Wajibi ne hukuma ta gindaya wa kowane kamfani sharaɗi: kujerun shawara ga 'yan ƙasa, kuɗin sallamar ma'aikata kuma a ajiye tun ranar farko. Baƙo raɓa ne.