Kansar da ake gado: Shirun dangi na cin rayuka

Alƙaluman hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon kansa sama da 127,000 a Najeriya, kuma mutum fiye da 79,000 suka rasu sanadiyyar cutar. Kansar mama ce ke kan gaba. A cikin wannan adadi akwai wani rukuni da ba a cika magana a kansa ba: iyalan da cutar ke bin jininsu daga kaka zuwa uwa zuwa jika.

Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dukkan kansa na da tushe a wata tawaya da ake gado a ƙwayoyin halitta. Fitattu daga ciki su ne BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Aikinsu a jiki shi ne gyara ɓarnar da ke samun ƙwayoyin halitta, don haka idan suka samu matsala ɓarnar sai ta yi ta taruwa. Macen da ta gaji tawayar BRCA1 na iya fuskantar haɗarin kansar mama da ya haura kashi 50 cikin ɗari a tsawon rayuwarta, ga kuma haɗarin kansar ƙwan mahaifa. Akwai kuma larurar Lynch, wadda ke janyo kansar hanji da ta mahaifa tun mutum na da ƙuruciya.

Wannan ba lamarin Turawa kaɗai ba ne. Wani bincike da aka gudanar a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka wallafa a 2018, ya duba mata 1,136 masu kansar mama, ya gano cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da irin wannan tawaya ta gado. Wato kusan mace ɗaya cikin bakwai. Bayan kowace ɗaya daga cikinsu akwai ’yan uwa mata, da ’ya’ya, da ’yan uwa maza, waɗanda galibinsu ba su da labari.

Al’ummarmu ta riga ta saba da batun gadon cuta ta hanyar sikila, har gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare. Sai dai a nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta. Sikila sai uwa da uba sun haɗu wajen bayar da ita, amma tawayar BRCA daga ɗayansu kaɗai ta isa, kuma kowane ɗa ko ’ya na da damar rabi da rabi na gadonta. Uba na iya ɗauke da ita ya miƙa wa ’yarsa ba tare da ya taɓa yin ciwo ba, shi ya sa tarihin dangin uba ke da nauyi daidai da na dangin uwa. Gadon tawayar kuma ba ya nufin lallai cutar za ta zo. Abin da yake nufi shi ne a fara sa ido da wuri.

Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi. Tambaya ce a cikin gida: wace ce ta yi ciwon mama kafin ta kai shekara 50? Wace ce ciwon ya kama ta a nono biyu? An taɓa samun kansar ƙwan mahaifa, ko namijin da ya yi kansar mama? Mutum nawa ne a ɓangare guda na dangi? Amsoshin nan su ne likita ke dogara da su wajen yanke shawarar ko a yi gwajin ƙwayoyin halitta, ko a fara hoton mama tun mace na shekara 25 zuwa 30, ko a riƙa leƙa hanji da na’ura a kai a kai. Abin takaici, a gidaje da dama ana rufe maganar da “ta yi jinya”, ko a jingina ta ga sammu ko iska, don gudun kada a ƙi auren ’yan matan gidan. Tsoron na da dalili, amma kuɗinsa rai ne.

A nan ne intanet za ta yi amfani. Matar da ke jin nauyin buɗe baki gaban surukai na iya karantawa ko saurare a wayarta cikin sirri. A Amurka, ƙungiyar FORCE ta shafe shekaru tun 1999 tana haɗa irin waɗannan iyalai da juna da kuma ƙwararru. A nan gida, wanda ya nemi bayani da Hausa a Facebook ko TikTok ya fi saurin cin karo da masu tallar maganin da suke iƙirarin yana narkar da kansa cikin mako biyu. Inda hukuma ta yi shiru, ’yan damfara ne ke cika wurin.

Wannan jarida na ganin akwai abubuwa uku da gwamnatin tarayya za ta iya yi ba tare da jiran sabon gini ba. Na farko, Cibiyar Bincike da Maganin Kansa ta Ƙasa, NICRAT, ta samar da shafi da layin waya na bayar da shawara cikin Hausa, Yarbanci, Ibo da sauran harsuna, da saƙonnin murya saboda waɗanda ba sa karatu. Na biyu, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta shigar da shawarar ƙwararru da gwajin gado cikin abin da take biya wa iyalan da tarihinsu ya nuna haɗari, a kuma horar da ma’aikatan jinya a asibitocin koyarwa kan yadda ake isar da irin wannan sakamako. Na uku, a tsare sirri. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma ana buƙatar tanadi ƙarara da zai hana mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora amfani da sakamakon gwaji wajen nuna wariya, kamar yadda Amurka ta yi a 2008. Ba wanda zai yarda a gwada shi idan sakamakon zai iya raba shi da aikinsa.

Ma’aikatan tarayya da hadiman manya na da hannu a ɓangarori biyu na wannan batu. Su ne ke rubuta takardun da ke zama manufa da kasafi, su ne kuma ’yan uwa ke kira daga gida idan asibiti ya yanka kuɗi, galibi bayan cutar ta yi nisa. Wanda dangi ke jin maganarsa a ranar biyan kuɗi zai iya amfani da wannan matsayi tun kafin ranar ta zo: ya zauna da dattawan gida, ya rubuta wa ya yi wane ciwo kuma yana shekara nawa, ya kai wa likita takardar.