Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ce, amma ga mai kuɗin tikiti

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, ku ba ni aron hankalinku.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano, kilomita 800 da ɗoriya ne ta sama, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Maiduguri kusan awa biyu. A mota fa? Ka bar Legas yau da yamma, sai gobe ka ga Kano, in hanya ta yi kyau kenan.

Lokacin hutu wannan ba matsala ba ce, mun saba. Matsalar ita ce ranar da aka kira ka cewa jikin Baba ya yi tsanani, ko an yi rasuwa. Mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya bi mota sai dai ya tarar da zaman makoki. Tikitin gaggawa kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, balle mu 'yan mastas da kuɗin bincike ya gama tatsewa.

Shawarata: mu buɗe asusun gaggawa. Kowa ya riƙa zuba naira 1,000 duk wata. Wanda larura ta sama a ranta masa kuɗin jirgi, ya biya a hankali.

Na san za a ce amana ta yi ƙaranci. To, mutum uku su riƙe asusun, a riƙa saka lissafi a guruf ɗinmu na WhatsApp duk ƙarshen wata.

Allah Ya sa kada ɗayanmu ya buƙace shi. Me kuka gani?